Satin Bashira

Bangon da ya raba ɗakin Rahamatu da na Turkawa ba bangon kirki ba ne. Mai gidan ne ya tsaga saman benen biyu da siririn bulo don ya zuba 'yan haya kashi biyu, shi ya sa ko tari aka yi a can sai an ji a nan. Ranar wata Laraba bayan la'asar, cikin Sha'aban ɗin ƙarshen shekarar 1965, Rahamatu na zaune a gindin bangon tana tsintar shinkafa, sai faɗa ya ɓarke a ɗaya ɓangaren.

Mijin ne ya fara. Rif'at mutum ne da ko gaisuwa a matakala da kai yake amsawa, amma ranar muryarsa har kaɗa kwanukan da ke jingine da bango take yi. Matar, wadda unguwar Sharafiyya ke kira Abla Nermin kamar yadda ake kiran kowace malamar makaranta a Hijaz, ba ta ɗaga murya ba. Takan bari ya gama, ta jefa masa kalma uku ko huɗu a bushe, ya sake hawa. Da Turkanci suke yi. Rahamatu ba ta jin komai a ciki, har ta fara jin daɗin abin, don wata huɗu ke nan da tarewarsu ba ta taɓa jin wani abu daga gidan ba sai rediyo da jan kujera.

Sai ta ji an ce Mastura.

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Mijin ya sake faɗar sunan, sarai wannan karon, ya bi shi da kalmomi biyu da ba sa bukatar tafinta a Jidda: mudira, wato shugabar makaranta, da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Aka buga wani abu a kan tebur. Aka yi shiru.

Mastura 'yar Rahamatu ce ta fari, kuma ita kaɗai ta rayu. Abla Nermin kuwa ita ke koyar da lissafi a aji shida na makarantar 'yan matan da aka rubuta sunan. Abin da ya tsorata Rahamatu shi ne, yara biyu ke zuwa makarantar da sunan nan ɗaya.

Shekara biyu kafin nan ƙanwarta Zakiya ta zo aikin hajji daga Gadarif ta ƙasar Sudan da 'yarta Bashira. Zazzaɓi ya kama Zakiya bayan saukowa daga Arfa, aka binne ta a Makka, yarinyar ta zauna a hannun Rahamatu ba takarda ko ɗaya. Mijin Rahamatu, Na'ibi, tela ne a Bab Makka. 'Ya ɗaya aka rubuta a iƙamarsa, kuma ba a liƙa hoton 'ya mace. Makaranta ba ta ɗaukar yarinya sai ta ga sunanta a takardar uba. Da suka taso daga unguwar Nuzla zuwa Sharafiyya, inda ba wanda ya san fuskar kowa, Rahamatu ta ce ba za ta iya kallon marainiyar ƙanwarta tana wanke-wanke kullum, tata 'yar na fita da jaka ba. Suka raba karatun yadda suke raba komai a gidan: sati ɗaya wannan, sati ɗaya waccan, riga ɗaya, jaka ɗaya, daftari ɗaya. Wadda ta je ta dawo ta koya wa wadda ta zauna. Tsawonsu ɗaya, ga kuma kamannin jini, Bashira ta kwaikwayi rubutun Mastura har Na'ibi ba ya bambancewa. Yara hamsin da takwas ne a ajin, baƙaƙe huɗu a bencin baya, malamai kuwa ba su cika ɗaga ido zuwa can ba. 'Yan bencin sun sani, sun yi shiru, don a gidajensu ma an san abin da ake yi wa marar takarda: mota zuwa tashar jirgin ruwa, jirgi zuwa Bur Sudan, wanda ya ɓoye shi ma a haɗa da shi.

Sai da aka yi sati da fara zuwa Rahamatu ta gano cewa maƙwabciyarta ce malamar lissafi. Ta kwantar da hankalinta da cewa Baturkiyar nan ba ta kallon kowa, ƙasa take kallo in tana tafiya, kamar mai ƙirga matakala.

Nermin ba don koyar da aji shida ta yi karatu ba. An haife ta a Bursa a 1922. Ubanta mai gyaran agogo ne, yakan miƙa mata ƙafafun agogo biyu ya ce ta ƙirga haƙoransu ta faɗa masa sau nawa ƙaramar za ta juya kafin babbar ta zagayo. Tana da shekara tara ta daina ƙirgawa da yatsa. Ta karanta lissafi a jami'a a Istanbul, su biyar mata a ajinsu. Ta so ta zauna ta ci gaba da bincike, gurbin bai samu ba, ta tafi Izmir ta yi shekara goma sha shida tana koyar da manyan 'yan mata. A can ta rubuta ɗan littafi kan awon siffofi, an buga shi sau ɗaya, guda biyu na ƙasan akwatinta. Rif'at mai awon ƙasa ne, aikin titi ya kawo shi Jidda, ta biyo shi a 1962. Shekara guda ta yi a ɗaki tana koyon Larabci da littattafan 'yan aji ɗaya, ba ta da wanda za ta yi wa magana sai shi. Da wani ɗan kasuwa ya buɗe makarantar 'yan mata ya nemi mai koyar da lissafi, ba ta tambayi aji nawa ba ne. Bayan nan kamfanin Rif'at ya tattara ya tafi, ɗan kasuwar ya zama kafilinsu su biyun, mai tsaya musu a wurin hukuma, zamansu a ƙasar ya koma rataye da aikinta.

Ta koyar a Jidda har 1974. Matan da suka bi ta hannunta suna tuna jan fensirinta, da agogon da take ɗaurawa ta cikin wuyan hannu, da cewa ba ta taɓa ba kowa goma bisa goma ba. Amsa daidai ba ta dame ta ba, hanyar da aka bi take so a nuna mata. Wasu yanzu suna cewa uwa ce a gare su. Ba uwa ba ce, ba ta ma san sunan mafi yawansu ba. Mace ce da ta yi shekaru tana raba lamba uku da lamba biyu a kan allo alhali kanta na wani wurin, kuma irin wannan yunwar ba ta cika sa mutum adalci ba.

Ba a yi minti goma da yin shirun ba aka ƙwanƙwasa ƙofar Rahamatu. Nermin ce, da daftari a hannu. Ta ƙi shayi, ta ƙi zama. Larabcinta na littafi ne, a sandare, na Rahamatu na Sudan, amma ranar ba wadda ta ce a maimaita mata.

"Ummu Mastura, 'ya'yanki nawa?"

"Ɗaya, Abla. Allah bai bar min sauran ba."

"A takarda, ɗaya ce. A daftarin nan biyu ne. Kira min su."

Rahamatu ta buɗe baki za ta rantse, ta ga matar ba jiran rantsuwa take ba. Ta ɗaga labule. Yaran suka fito suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Nermin ta buɗe wani shafi.

"Wannan mai shi tana bin abin da na koyar layi-layi, ba ta tsallake komai, tana cin bakwai. Ba laifi." Ta juya takardu. "Wannan kuwa ban koyar da shi ba."

Fili ne aka zana mai gefe huɗu, ɗaya gefen a karkace, aka ce a nemi girmansa. Mai amsar ba ta bi wata doka ba. Ta zana filin sau biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a kife, ta haɗa karkatattun gefen, suka zama shimfiɗa ɗaya mai kusurwa daidai irin tabarma. Ta auna ta, ta raba biyu.

"Wa ya yi?"

Bashira ta ɗaga yatsa kaɗan.

"Wa ya nuna miki?"

"Haka Baba ke jera ɓarin riga a kan yadi, don kada ya yi asarar ƙyalle."

Nermin ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta juyo ga Rahamatu ta faɗi abin da ya kawo ta. Sati biyu da suka wuce ta nuna wa mudira shafin nan. Mudira ta ji daɗi, ta ba mufattisha labari, wato matar da hukuma ke turowa duba makarantu. Ranar Asabar mufattisha za ta zo, ta kuma ce tana son ganin mai daftarin a gaban allo.

"Asabar satin wa ne?" in ji Nermin.

"Nawa," in ji Mastura.

"In kika tsaya kika kasa, mudira za ta zauna da daftarin nan shafi-shafi, abin da na gani ita ma za ta gani. Daga nan sai a kira ubanku da iƙamarsa." Ta gyara agogonta. "Mijina ya ce gobe da sassafe in je in faɗa da bakina kafin a ce da sanina aka yi. Mu ma takardarmu a hannun mai makarantar take."

"Za ki faɗa, Abla?"

"Na gaya masa a'a. Kin dai ji yadda ya karɓa. Amma wadda ta yi zanen nan ita za ta tsaya ranar Asabar."

Rahamatu ta kama hannunta da hannu biyu tana sa mata albarka. Ba ta tambaye ta yaushe ta gane ba, ta ɗauka jiya ne ko shekaranjiya. Mastura ce ta yi magana, da Larabcin 'yan Jidda mai santsi, ta ce a ba ta dama ta gwada, akwai kwana biyu. Nermin ta ce ta zo gobe bayan azahar.

Mastura ta kwana tana zana filin nan, miƙe da kife, har ta iya shi ido rufe. Ranar Alhamis Rahamatu ta raka ta, ta tsaya a bakin ƙofa. Rif'at ya tashi ya shige ciki bai amsa sallama ba. Nermin ta kwance agogonta ta ajiye a kan tebur a gaban yarinyar, ta zana filin a kwance, ta canja lambobin, ta ce minti biyar. Mastura ta dubi takardar, ta dubi agogon. Ta zana na biyun ta haɗa shi ta gefen da ba shi ba, ta goge, ta sake, takardar ta huje.

"In kika faɗa min dokar zan yi, Abla."

"Mufattisha ba za ta faɗa miki ba."

"A ƙara min minti biyu."

"Ba minti ba ne ya rage miki."

Duk malamin da ya yi shekara guda a aji ya san yaro ba ya tunani da agogo a gaban hancinsa, Nermin kuwa ta yi goma sha takwas. Rahamatu ba ta san wannan ba. Abin da ta gani shi ne 'yarta ta kasa.

Ranar Juma'a da Na'ibi ya dawo daga masallaci, aka ci abinci ba wanda ya ji ɗanɗanonsa. Rahamatu ta tura yaran saman soro su kwashe shanya.

"Malam, akwai abin da ba mu duba ba."

"Me ya rage? Tun Laraba ban ɗinka hannun riga ɗaya daidai ba. Jiya wani Bajawe ya ce ko ɗan'uwansa mai hannu ɗaya na auna."

"Wata huɗu ba wanda ya kalli yaran nan, shi ya rufa mana asiri. Gobe za a tsayar da ɗaya a gaban allo. Mudira za ta kalle ta, malamai za su kalle ta, yara hamsin za su kalle ta. Daga gobe wadda aka kalla ita ce mai sunan. Ɗayar ba za ta sake taka makarantar ba."

Na'ibi ya ajiye ƙoƙon shayinsa.

"Har jarrabawa?"

"Har jarrabawa, har takardar gamawa, har abin da zai biyo baya."

"Ke kika kawo rabon sati-satin nan, Rahamatu. Na ce a bari in nemo hanyar takarda."

"Shekara biyu kana nemowa."

"To ga shi kin samo mana." Ya shafa gemu, ya rage murya. "Ji nan. Sunan na 'yarki ne, ni na yanka mata rago. Ki buɗe baki ki ce ita za ta je, wallahi da kaina zan kai ta ƙofar makarantar. In ta kasa mu ɗaure kaya, Gadarif ma gari ne. Amma ke za ki faɗa."

Ya san abin da yake yi. Ya ɗora mata maganar ne don ya san ba za ta iya ba, shi kuma ba ya son a ce shi ya yanke. Rahamatu ta tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta shigar mata faɗa. Shekara goma sha uku "ke" take ce wa Mastura, ko "'yar nan". In nama ɗaya ya rage a kwano, gaban Bashira take tura shi tun kafin ta yi tunani. Mata a Nuzla sun sha yaba mata wannan kara, ita ma tana jin daɗin yabon fiye da yadda za ta yarda. Yanzu a ce ta zaɓi tata a kan marainiyar Zakiya, ta kuma jefa gidan duka a jirgi saboda haka? 

"Duk nawa ne," ta ce. "Wadda za ta fisshe mu ita za ta je."

Labule ya motsa. Mastura ce, rungume da kayan shanya, Bashira a bayanta. Ba a san tun yaushe suke tsaye ba.

"Halas, shi ke nan, Inna, ku ba ta. Dama rigar ta fi zama mata."

"Yaya, wallahi ni ban roƙa ba," in ji Bashira.

"Ba ki roƙa ba, zane kika yi." Ta zube kayan a kan gado. "In kin gama da sunan ki ajiye min a jaka, kada ki bar shi a aji."

"Ke, ba na son rashin kunya," in ji Rahamatu. Abin da ya fito daga bakinta ke nan.

Ranar Asabar Na'ibi bai buɗe shago ba. Ya raka Bashira har ƙofar makaranta, ya tsaya a inuwar wani kanti daga nesa, iƙamarsa a aljihun gaba.

Mufattisha ta shigo aji shida a darasi na biyu, mudira na biye da ita tana murmushin da ba ta saba ba. Mufattishar mace ce mai tabarau, ba ta gaggawa. Ta zauna a kujerar Nermin, ta buɗe daftarin, ba ta tsaya a shafin da aka naɗe mata ba. Ta koma farko tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ajin ya yi tsit, ana jin jaki mai jan tankin ruwa yana wucewa a titi.

"Abla Nermin, abin mamaki. Nan bakwai, nan tara, nan bakwai, nan tara da rabi. Kamar ba mutum ɗaya ba."

A bencin baya wata yarinya ta sa hannu ta riƙe gwiwar Bashira.

"Haka take," in ji Nermin, ba ta ko ƙifta ba. "In na ba da abin haddacewa sai ta yi kasala. In na ba da abin tunani sai ta farka. Laifin tambayoyina ne."

Mufattisha ta dube ta ta saman tabarau, sannan ta rufe daftarin.

"Ina Mastura Na'ibi?"

Bashira ta miƙe. Tafiyar daga bencin baya zuwa allo ba ta fi taku goma sha biyu ba, kawuna hamsin suka juya suka bi ta. Mufattisha ta karɓi alli da kanta ta zana wata siffa mai gefe shida irin gidan zuma, ta rubuta awo a gefe, ta ce a nemo girmanta. Ba a koyar da wannan a aji shida.

Bashira ta tsaya.  Mudira ta fara gyara murya, Nermin ta ɗaga mata yatsa ɗaya, ta yi shiru. Yarinyar ta karkata kai ta dubi zanen ta gefe, yadda tela ke duban yadi kafin ya sa almakashi. Ta ja layi ɗaya ta tsakiya. Siffar ta rabu biyu, kowane ɓari ya zama ɗan'uwan filin da ta sani. Ta kifa ɗaya kusa da ɗaya, ta gyara bakin, ta rubuta amsa ƙanana a lungun allo kamar mai ɓoye ta.

"Ma sha Allah," in ji mufattisha. "'Yar wa ce?"

"Ubanta tela ne," in ji mudira. Ta zo ta kama haɓar Bashira ta ɗaga fuskarta zuwa hasken taga, ta ƙare mata kallo. "Ina kike ɓuya duk watannin nan, ya binti? Daga yau nan gaba za ki zauna, inda zan riƙa ganinki."

Aka tashi wata 'yar Siriya daga bencin farko aka ba ta wurin.

A gida Rahamatu ta kasa zama, ta kasa aiki. Mastura na gefe tana yi wa ubanta kalmasar wani wando. Wajen azahar Na'ibi ya leƙo ya ce an tashi lafiya, yarinya na nan tafe da ƙawayenta, ya juya ya tafi buɗe shago, bai yarda sun haɗa ido da kowa ba. Rahamatu ta zauna daɓas tana hamdala.

"Allah ya saka wa Baturkiyar nan. Da ta bi ta mijinta, da yanzu muna hannun hukuma."

"Ta daɗe da sani," in ji Mastura, ba ta ɗago daga ɗinkin ba.

"Sanin me?"

"Ni in na kai daftari, maki take sawa ta miƙo min. Satin Bashira kuwa sai ta ƙara mata tambaya a ƙasan shafi da jan fensir. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskuren sa wa a satina ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Rajab."

Rahamatu ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga wata. Kafin Rajab wata guda ke nan da ɗoriya. Nuna wa mudira kuwa sati biyu ne da 'yan kwanaki. Ta daɗe a zaune tana kallon yatsun yarinyar suna shiga suna fita a bakin wandon. Da ta ji takun takalmi a matakala, mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafi ta fita.

Nermin na sa mabuɗi a ƙofarta. Farin alli duk ya ɓata mata baƙar abayar. Ta gaji, amma fuskarta a sake take, Rahamatu ba ta taɓa ganinta haka ba.

"An wuce lafiya, Ummu Mastura. Ba wanda zai tambayi takarda."

"Na ji. Abla, tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da kika kai wa mudira daftarin nan, kin san su biyu ne?"

Nermin ta murɗa mabuɗin, ƙofar ta buɗe. Ba ta shiga ba.

"Na sani."

"Da kin bar shi a aljihun tebur, da su biyun suna zuwa har yanzu."

"Har zuwa jarrabawa. Ranar jarrabawa ɗaya za ta zauna, kuma na san wadda ubanta zai tura."

"Sunanta ne. Da shi na haife ta." Rahamatu ta matso kusa da ƙofar. "Ta yi miki rashin kunya ne? Ta taɓa zuwa ba ta yi aikin gida ba? Ke da bakinki kika ce tana cin bakwai."

"Yarinyar kirki ce. Ki turo min ita bayan la'asar in kina so, zan koya mata abin da ake yi a aji."

"A ɗaki. Ba takarda."

"Ba takarda."

Daga ciki Rif'at ya yi magana da Turkanci, gajeriya. Nermin ba ta waiwaya ba. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, hannunta a kan ƙofar, ta dubi Rahamatu ido cikin ido.

"Shekara goma sha takwas ina koyarwa, Ummu Mastura. Irin 'yarki na koyar da sun fi dubu, duk suna nan lafiya a gidajensu. Irin waccan huɗu na taɓa gani. Uku sun kuɓuce min ina kallo."